Likkafanina a Tsohuwar Sana'iyya

Ni ba neman kuɗi ya kawo ni Makka ba. Mutuwa na zo yi, kuma da shirina na zo. Duk wanda ya san Kulu a ƙasar Kazaure ya san ba na zuwa biki da kayan aro, balle kabari. Audugar gonata ce. Ni na cire ta, ni na gurje, ni na shiɓe, na zauna da mazari rani da damina ina kaɗi har zaren ya isa. Na kai wa masaƙin ƙarshe da ya rage a garinmu, ya saƙa mini shi fari ƙal, ƙyalle-ƙyalle, na haɗa da allura da hannuna. Daga nawa bai ƙara ɗaura wani zare ba, Allah ya karɓi abinsa. Wannan shi ne likkafanina. Da shi na sauka ƙasar nan, a ƙulle cikin tsohon zane, a ƙarƙashin hammata. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma baki nawa ne. Ni nake faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma.

Zangona na farko Tandabawi. Wata Hajiya mai masauki ta tarye ni da "Maraba da uwata", haƙoran Makka biyu na walƙiya a bakinta. Ta ce in kawo fasfo ta adana mini, gari ne na ɓarayi. Gaskiya ta faɗa, don har yau ban sake ganinsa ba. Da kwanakin umara suka ƙare sai "uwata" ta koma "ke tsohuwa". Aka ɗora mini tiren tsabar tantabaru, wai in je bakin titi in sayar wa alhazai. Ni Kulu, da ko ina budurwa ban taɓa talla ba, ga ni da furfura ina gudun 'yan baladiyya masu kamen 'yan talla, tire a ka, ƙullina a hammata, don ban yarda in bar shi a gidan matar nan ko na wuni ɗaya ba.

Daga nan na hau Nakkasa, can kan dutse, inda matakala ke cinye gwiwa kafin a kai ƙofa. Maƙwabciyata 'yar Burma ce, ƙarama kamar tsinken tsire. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma muka yi zaman da ban yi da wasu masu jin Hausa ba. Takan miƙo mini shinkafa da wani busasshen kifi mai warin da zai kori aljani, in toshe hanci in ci, don kyauta ba a yi mata wulaƙanci. A can ne na fara sakin jiki ina barin ƙullina a ɗaki. Sai aka zo aka shafa jan fenti a bangayen unguwa, aka ce rusau. Muka ɗauka da saura. Ran nan na dawo daga Harami na tarar katafila ta mai da layinmu tsakuwa. Na ɗora hannu a ka. Can sai na hango matar nan zaune a kan ɓaraguzai cikin rana, mutanenta duk sun bi motar kaya, ita tana rungume da ƙullina a cinya. Ba ta san me ke ciki ba. Ta dai ga yadda nake riƙe shi. Ta miƙo mini, ta shafa kafaɗata, ta gangara. Ko sunanta ban iya faɗa daidai ba. Allah ya saka mata.

Zango na uku Utaibiyya, gidan Salihu, ɗan yayana. Shi yayan nawa ya zo ƙasar nan tun muna yara, ya mutu a nan. A masallaci ya ji labarin wata tsohuwa 'yar Kazaure da ke kwana a barandar mutane, ya bi sawu ya ɗauko ni. Salihu ɗan halak ne, Gwaggo yake ce mini, yana rusunawa. Amma gidan nasa ba gida ba ne irin wanda na sani. Tuwo na garin kanti, miya babu daddawa. Gaisuwa kalma biyu an wuce, ba mai tambayar ki gajiya, ba mai tambayar ki kwanan iyali. Ba ƙarar turmi, ba kukan zakara, sai na'urar sanyi tana gurnani kamar mai ciwon ciki. Wani lokaci in na tuna ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko, sai in ja mayafi in rufe fuska kada a gani. 'Ya'yansa biyu, Rayyan da Amal, Hausarsu kamar ta mai cin tuwo da zafi. Sitti suke kirana. Na ce ni Kaka ce, suka ce to, Sitti.

To a gidan nan na samu natsuwar yin abin da na daɗe ina so. Na tara ruwan Zamzam a jarkoki, na wanke likkafanina da shi kamar yadda manya ke yi, na hau rufin gida na shanya. Da yamma na hau kwasowa, igiya kawai na tarar.

Na birkita gidan. Na leƙa rufin maƙwabta, na bi lungu ina duba ko iska ce. Na kwana uku abinci ba ya wuce mini. Sai Amal ta zo ta tsaya a bakin ƙofata, waya a hannu, tana murza gefen gyalenta.

Ta ce, "Sitti, ƙyallen naki, fari ne? Mai ɗinki-ɗinki a jiki?"

Na ce, "Ina kika gan shi?"

"A hoton da Rayyan ya sa. Yana shagonsa. Na kira, ba ya ɗauka, can yake kwana yanzu, aiki ya yi yawa."

"Ɗauko mayafina da sandata."

"La, Sitti, wurin ba na tsofaffi ba ne."

"Kabari ma ba na yara ba ne, amma suna zuwa. Tashi."

Shekarar ce aka bar mata su yi tuƙi, Amal kuwa har ta iya. Na shiga baya na kama kujera da hannu biyu ina salati, har muka isa inda suke kira tsohuwar Sana'iyya. A hanya ta ba ni labari: da can wurin makanikai ne da masu walda da kafintoci. Aka tashe su aka mai da su bayan gari, rumfunan suka zauna kango, sai samari suka kama haya suka "raya" wurin. Haka ta ce, raya. Aka ce mota ba ta shiga, muka sauka bayan la'asar muka taka.

Jama'a, gani ya kori ji.

Bangon farko da na gani, tun daga ƙasa har sama an zuba masa launi kamar kaza ta taka baho ta bi ta kai. Na ce wace annoba ce ta faɗa wa bangon nan? Amal ta ce zane ne, wani gwani aka ɗauko daga Jidda. A Nakkasa ɗigon fenti ɗaya aka yi mana muka rasa matsuguni, a nan an juye gwangwani ɗari ana tafi. Gaba kaɗan an zana wani ƙato da rawani, ba ido, ba hanci, ba baki, fuska sumul kamar bayan ƙwarya. Wai don kada a ce an yi hoton mai rai. Na ce to in tsoron Allah ne ya hana shi ido, me ya kai shi ga rawanin? Sai wasu manyan fukafukai a jikin wani bango, babu tsuntsun. 'Yan mata sun yi layi, kowace ta je ta tsaya a tsakiya ta karkace wuya a ɗauke ta. 'Ya'yan mutane, da iyayensu a raye, suna layin zama angulu.

Na ce, "Ina shagon?"

"Gaba kaɗan, Sitti."

Muka wuce wata mota da ta mutu tun zamanin da, an cire mata ƙafafu, an cika cikinta da ƙasa an shuka fure. Muka wuce wani gareji, har ramin da makanikai ke shiga yana nan, an rufe shi da gilashi an kunna fitila a ciki, mutane na leƙawa kamar rijiyar tarihi. Kujerunsu gangunan baƙin mai ne da tsofaffin tayoyi. Bango ba yaɓe, wayoyin wuta a waje, kuma wai da gangan. Wani saurayi ya wuce mu da wando a yage a gwiwa duka biyu. Tausayi ya kama ni, na ce wa Amal maraya ne? Ta ce a haka ake sayar da shi. Ni na ga talauci, na kwana da shi, na tashi da shi. Ban taɓa sanin ana sayensa a saka don ado ba.

A cikin garejin wani mai gemu yana auna gahawa a kan sikeli kamar mai sayar da zinariya, yana ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan, fuska a murtuke, mutane sun yi tsit suna kallo. Amal ta karɓo mini wai in jiƙa maƙoshi. Na kurɓa. Ko sabara aka jiƙa wa mai jego ta fi wannan daɗi. Na ce ina sukari? Mai gemun ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

Gwiwata ta fara magana. A wani lungu, tsakanin bango mai kifaye da bango mai rubutun da ba ya karantuwa, sai ga wata 'yar rumfa baƙa ƙirin da hayaƙi, ba fenti ko ɗigo. Wani dattijo ɗan ƙasar Yaman yana walda a ciki, shi kaɗai ya ƙi tashi. Da ya ga ina dafa bango sai ya kashe wutarsa, ya goge kujerarsa da hannun riga ya turo mini, ya zuba mini shayi a ɗan kofi, ja, mai sukari kamar na mutane. Muna zaune wasu suka tsaya suna ɗaukar sa hoto ba ko sallama. Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗaga tafin hannu sama, ni ma na ɗaga. Duk unguwar nan shi kaɗai na ga yana aikin da in an gama za a ce ga abin da aka yi.

Daga rumfarsa ana hango shagon Rayyan. Ban buƙaci a nuna mini ba. A saman ƙofa an kafa wani farin ƙyalle da ƙusoshi, an rubuta sunan shago a kai da baƙin fenti da ruwan ɗorawa, an zana zangarniya a gefe. Na matsa. Uwa ba ta ɓata ɗanta a kasuwa. Ga wurin da zarena ya yi kauri, shekarar da maigidana ke jinya ina kaɗi ido na rufewa. Ga ɗinkina. Ga kuma gefen da almakashi ya bi.

Amal ta kama hannuna. Na fizge na shiga.

Wani wari ya tare ni, tsami-tsami, irin na ƙullun da ya kwana. Tsohuwar ma'ajiyar ƙarafa ce, an jera manyan tukwanen ƙarfe masu famfo suna ƙyalli. Samari da 'yan mata sun cika wurin, kowa da ƙaton kofin gilashi mai mariƙi, ciki wani ruwa ja-ja da kumfa a kai, sak fitsarin jaki. Na ji wani ya ce a ƙaro masa "bira".

Na tsaya cak. "Amal, giya? A garin Ɗakin Allah?"

"La, la, Sitti, wallahi babu maye! Sha'ir ne kawai. Suna ne. Kowa na sha."

"In ba giya ba ce, me ya sa take sanye da kayan giya?"

Sai ta sauya magana. Ta ce su da kansu suke dafawa a nan, da wannan, da subiya, abin shan nan na sha'ir da ake yi da azumi, fara da ja, har da wata mai ɗanɗanon hayaƙi. Hayaƙi! Mu in kunu ya kama hayaƙi yarinya ake yi wa faɗa.

Can ƙarshen shago, a kan wani dandamali da aka haska da fitila don kowa ya gani, ga Rayyan da gashinsa a ɗaure kamar na mai shirin wanka. Ya ɗaure ƙyalle a bakin wata tukunya yana juye dafaffen sha'ir a kai, yana matsewa, yana yi wa masu kallo bayani da Larabci. A gefensa an rataye wasu ƙyallayen a jere suna ɗiga. Ɗaya ya yi ruwan ƙasa. Ɗaya ya yi jawur.

Na ce, "Me yake faɗa?"

Amal ta sunkuyar da kai. "Yana cewa sirrin daɗin subiyarsu matacin ne. Saƙar hannu ce daga Afirka, babu irinta a kasuwa."

To, a nan dai bai yi ƙarya ba.

Ya hango ni, ya washe baki. "Ahlan, Sitti! Kin zo! Ki zauna, ki sha, kyauta!"

Na ce, "Rayyanu, sauko."

Ya sauko yana goge hannu.

"Wa ya ba ka wannan?"

"A rufi na gani, Sitti. Tsohon zanen gado ne, ko? Na ce zan saya miki sabo, mai kyau, mai fure."

"Ka taɓa ganin gadon da aka shimfiɗa masa wannan?"

Ya dubi ƙanwarsa. Ita ma sai a lokacin na gane ba ta san ko mene ne ba, ta dai san ina son sa. Yaran nan a garin da ake sallar gawa bayan kowace salla aka haife su, amma ba su taɓa ganin mai rai ya ajiye likkafaninsa ba. Su a saninsu abu ne da ke fitowa daga leda a gidan wankan gawa, kamar yadda burodi ke fitowa daga kanti.

Larabcina bai fi cikin cokali ba, amma wannan kalmar na san ta. Na juya na fuskanci jama'ar, na ɗaga murya irin wadda nake kiran awaki da ita daga bayan gari. Na nuna ƙyallayen, na bugi ƙirjina, na ce, "Kafan! Kafan nawa! Ku sha lafiya!"

Wurin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan a tukunya. Wata yarinya da kofi a baki ta furzar a kan abayar ƙawarta. Wani ƙato ya ajiye nasa a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya tashi yana "A'uzu billahi" ya nufi ƙofa da hannu a baki. Wani kuwa, don ka san duniya ta ƙare, waya ya ɗaga zai ɗauke ni. Na nuna shi da sandata, ya sauke.

Rayyan ya zama kamar an tsoma shi a toka. "Wallahi, Sitti, ban sani ba. Wallahil azim."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani ai da mugu ne kai, a yi maka addu'a. Kwance mini kayana."

Da hannunsa ya kwance su. Na sa ya hau ganga ya ciro na saman ƙofa. Na naɗe su a jiƙe, suna warin tsami, na sa a hammata, ruwan yana bin haƙarƙarina har muka kai mota.

Na wanke su har fatar hannuna ta saɓule. Masu ruwan ƙasa suka yi haske, ko da yake ba su koma kamar da ba. Jan nan ya ƙi fita. Mai fenti kuwa ya riga ya mutu, ba zan tashi gaban Ubangijina da sunan shago a ƙirji ba. Na ware waɗannan biyun, na haɗa sauran da allura, na shimfiɗa a tsakar ɗaki na kwanta a kai, na ce Amal ta ja mini shi. In ya rufe kai, sai ƙafafu su fito tun daga ƙwauri.

Salihu ya shigo da bandir guda na farin yadi, mai santsi, yana ba ni haƙuri kamar zai yi kuka. Na ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, mai da shi. Ban san wanda ya kaɗa shi ba, bai san ni ba." Ya ce to a aika gida a saƙo wani. Na ce wa zai saƙa? Kuma da wane idon zan kaɗa? In na tafi da kaina, ni da ba takarda, ba dawowa. Ko Makka babu zanena, ko zanena babu Makka.

Akwai wani ɗalibi ɗan Sakkwato, Malam Bello, da ke haya a ƙasan gidan da iyalinsa. Matarsa ta kai masa labari, ya hau ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Ya ce, "Inna, abin da ya same ki ya sami wanda ya fi mu. Akwai sahabin da mayafinsa bai kai ba, in an rufe kai ƙafa ta fito. Aka ce a rufe kan, a sa masa izhir a ƙafafu, wata ciyawa ce mai ƙamshi da ke fitowa a duwatsun nan."

Na ce, "Malam, shi rashi ya gajarta nasa, ni sakarci ya gajarta nawa. Zai yi?"

Ya danne dariya ya ce, "Inna, ga yadi kuma an kawo, shi ya fi sauƙi."

"Ba sauƙi na tambaye ka ba."

Ya ce shi dai ya faɗi abin da ya karanta.

Na sa aka kira Rayyan, wanda tun ranar yake bin bango in ya ji tafiyata. Na ce, "Kai ka rage shi, kai za ka cika. Ka hau dutse ka yanko mini ciyawar nan da hannunka, ba saye ba. Ina so in ga abin da za a rufe mini ƙafa da shi."

Ya tafi, ya dawo da yamma, hannu duk ƙaya, da dami a kafaɗa. Ya ajiye a gabana. Na ɗauki tsinke ɗaya na murza na kai hanci.

Nobe ce. Wallahi nobe ce, irin ta bayan gidanmu, wadda muke yanka da kaka, wadda ƙamshinta ke kama zane in an dawo daga daji. Na bar ta a ƙasar Kazaure, ashe ta riga ni zuwa. Na daɗe da ita a hanci, yaran suka yi tsaye suna kallona.

Rayyan ya ga fuskata ta saki, sai ya samu baki. Ya ɗauki tsinke shi ma ya sansana, ido ya yi masa haske. Ya ce, "Sitti, ƙamshin nan fa... in aka ɗan jiƙa ta a cikin subiya..."

Sandata ta same shi kafin ya kai ƙofa.

Yanzu damin yana cikin ƙullin tare da zanen, ƙullin yana ƙarƙashin matashina, ɗakin kuma da kwaɗo, makullin a wuyana. Salihu ya ce, "Gwaggo, ciyawa ce fa, dutse cike yake da ita, wa zai taɓa miki?" Na ce mutanen da suka shanye likkafani, ciyawa ce za ta gagare su?